Yini Guda na Kallon Namun Daji a Tsibiran Galafagos

1.0 Gabatarwa

A mafi yawan sassan duniya, duk wanda ya fita kallon namun daji sai ya haɗa da sanɗa da haƙuri, domin dabba tana jin motsin mutum za ta sheƙa a guje. Akwai wasu tsibirai a Tekun Fasifik inda al'amarin ya sha bamban. A can mutum ne yake lura da inda zai sa ƙafarsa don kada ya taka tsuntsuwar da ke kwanci a tsakiyar hanya. Waɗannan su ne tsibiran Galafagos na ƙasar Ekwado.

A wannan darasi za a bayyana yadda yini guda yake kasancewa ga matafiyan da ke zagaya tsibiran a jirgin ruwa, tun daga asuba har bayan faɗuwar rana. Za a ɗauki tsibirin Esfanyola a matsayin misali. Abin da ake so ɗalibi ya lura da shi shi ne, kusan kowane mataki na wannan yini doka ce ta tsara shi, kuma dokar ta samo asali ne daga halin dabbobin kansu. Dabbar da ba ta san gudu ba, ba ta da wata garkuwa sai ladabin mai kallonta.

2.0 Muhallin Tsibiran da Tarihinsu

Tsibiran Galafagos suna da nisan kimanin kilomita 1,000 yamma da gaɓar ƙasar Ekwado a Amurka ta Kudu, kuma layin ikwaita ya ratsa ta cikinsu. Manyan tsibiran guda 13 ne, ban da ƙanana da duwatsun da suka ɗago kai daga cikin ruwa. Dukkansu aman wutar duwatsu ne ya samar da su daga ƙarƙashin teku, ba su taɓa haɗewa da wata nahiya ba.

Bayani na farko da aka rubuta a kansu ya fito ne daga Tomas de Berlanga, bishop na Fanama, wanda ruwa ya janye jirginsa zuwa can a shekarar 1535. Sunan da ake kiran su da shi ya samo asali daga wata kalmar Sifaniyanci mai nufin kunkuru. Ekwado ta mallake su a 1832. Shekara uku bayan haka, wato a 1835, masanin halittu ɗan Ingila, Charles Darwin, ya iso a jirgin ruwa mai suna Beagle, ya yi mako biyar, ya taka tsibirai huɗu. Abubuwan da ya gani suna daga cikin hujjojin da ya dogara da su a littafinsa na 1859 game da yadda jinsunan halittu ke sauyawa.

A 1959 gwamnatin Ekwado ta mayar da kashi 97 cikin 100 na faɗin tsibiran gandun daji na ƙasa. A 1978 hukumar UNESCO ta sa su a jerin farko na wuraren gado na duniya, sannan a 1998 aka keɓe ruwan da ke kewaye da su a matsayin wurin da doka ta kare. A ragowar kashi 3 ɗin ne mutane ke zaune, galibi a tsibiran Santa Kurus da San Kiristobal da Isabela da Fuloriyana.

3.0 Dalilin da Ya Sa Dabbobin Ba Sa Gudun Mutum

Tun da tsibiran ba su taɓa haɗewa da nahiya ba, duk halittar da ake samu a can sai da kakanninta suka tsallaka teku. Tsuntsaye sun zo da fiffike, wasu dabbobin sun zo da iyo, wasu kuma a kan kututture da tarkacen itatuwan da ambaliya ta kwaso daga kogunan Amurka ta Kudu. Irin wannan tafiya ta makonni cikin rana da ruwan gishiri, dabbobi masu jan ciki ne suka fi jure mata, kamar kunkuru da ƙadangare, domin suna daɗewa ba ci ba sha. Manyan namun daji masu farauta ba su iya tsallakawa ba. Daga cikin dabbobin tudu masu shayarwa, jemagu da wasu irin ɓeraye ne kawai 'yan asalin wurin.

Sakamakon haka, dabbobin sun yi dubban shekaru ba tare da wani babban maƙiyi da ke bin su a ƙasa ba. Suna tsoron shaho, ƙananansu kuma suna tsoron maciji, amma wata halitta mai tafiya da ƙafa biyu ba ta cikin abubuwan da ke firgita su. Wannan hali ya taɓa jawo musu babbar asara. A ƙarni na 18 da na 19, masu farautar manyan dabbobin teku sun kwashi kunkuraye fiye da 100,000 suka loda a jiragensu a matsayin guzuri, saboda kunkurun yana iya yin watanni da rai ba tare da abinci ba. Wannan tarihi ne ya haifi dokokin da za a gani a gaba.

4.0 Tsarin Tafiya a Jirgin Ruwa

Yawancin tsibiran ba kowa a cikinsu, babu masauki, babu kasuwa, babu tashar jirgi. Saboda haka hanya mafi sauƙi ta ganin su ita ce mutum ya zauna a jirgin ruwa na kwana huɗu ko biyar ko takwas ko fiye. Jirgin shi ne ɗakin kwana, shi ne wurin cin abinci, shi ne kuma aji. Da dare yake tafiya, gari na wayewa sai a tsinci kai a bakin wani tsibirin.

Matafiyi yakan sauka ne daga jirgin sama a Baltira ko San Kiristobal. Tun kafin ya baro babban yankin Ekwado ake bincika kayansa don kada ya shigo da iri ko tsiro ko ƙwaro. Da ya sauka zai biya kuɗin shiga gandun, wanda aka ɗaga daga dala 100 zuwa dala 200 ga mafi yawan baƙi a watan Agusta na 2024. Muhimman ƙa'idojin tafiyar su ne:

(a) Ba a yarda jirgi ya ɗauki fasinja fiye da 100 ba.
(b) Kowane rukuni ba ya wuce mutum 16, kuma dole ya kasance tare da jagoran da hukumar gandun ta ba lasisi.
(c) Hukumar gandun ce ke tsara wa kowane jirgi inda zai je. Tun daga 2012, jirgi ba ya komawa wuri ɗaya sai bayan kwana 14.
(d) Ana sauka ne a wuraren da aka keɓe, tsakanin ƙarfe 6 na safe da 6 na yamma.
(e) Dole a bar tazarar aƙalla mita 2 tsakanin mutum da dabba. Ba a taɓa ta, ba a ba ta abinci, ba a haska mata fitilar kyamara.
(f) Ba a ɗauke komai daga tsibiri, ko da tsakuwa ce ko gashin tsuntsu, ba a kuma barin komai.

5.0 Yini Guda a Tsibirin Esfanyola

Esfanyola shi ne tsibirin da ya fi kowane kusa da kudu, yana kuma cikin mafiya daɗewa. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 60 ne, busasshe ne, ba mai zama a cikinsa. Wurare biyu ake sauka: Funta Suwares a yamma, da Gaɓar Gardner a arewa maso gabas.

5.1 Safiya: Sauka a Funta Suwares

Da yake wurin yana dab da ikwaita, rana tana fitowa ne wajen ƙarfe 6 a duk tsawon shekara. Kafin wannan lokaci jirgi ya riga ya saki anga nesa kaɗan da gaɓa. Bayan karin kumallo kowa zai ɗauki hula da gorar ruwa da madubin hangen nesa, ya ɗaura rigar kariya daga nutsewa, sannan a shiga ƙaramin kwalekwale mai inji wanda mutanen wurin ke kira fanga. Sauka iri biyu ce. Akwai wadda ake taka dutse ko dakali kai tsaye ƙafa ba ta jiƙe ba, akwai kuma wadda ake dira cikin ruwa iya gwiwa a taka zuwa rairayi. Ta Funta Suwares irin ta farko ce.

Sau da yawa tun a kan dakalin ake cin karo da darasin farko, wato zakin teku kwance ya tare hanya yana barci. Wannan dabba ce mai shayarwa, mai santsin jiki, ƙafafunta sun zama kamar filafilai. Ba ta matsa wa kowa. Jagora zai nuna wa mutanensa yadda za su kewaye ta.

Kusa da nan, a kan baƙaƙen duwatsu, za a ga iguwanar ruwa jibge a kan juna suna shan hantsi. Iguwana dabba ce mai kama da damo, kuma ta Galafagos ita kaɗai ce a dangin ƙadangaru a duk duniya take neman abincinta a teku. Gansakukar da ke manne a duwatsu take ci. Ƙananan suna jiran ruwa ya janye su ci ta bakin gaɓa, manyan mazan kuwa nutso suke yi. Ruwan yana da sanyi, ita kuma jikinta ba ya samar da ɗumi da kansa, don haka dole ta gasa jikinta a rana kafin ta shiga da kuma bayan ta fito. Mai kallo zai ji tana yawan atishawa. Gishirin da ya yi yawa a jikinta ne take fesarwa ta hanci, shi ne kuma farin da ake gani a kanta. Ta Esfanyola ta fi sauran ado, domin jikin mazan yakan yi ja da kore, musamman a lokacin barbara, wajen ƙarshen shekara.

Akwai kuma wani tsuntsu mai ƙarfin hali da mutanen wurin ke kira kukube, wanda irinsa a Esfanyola da wani ɗan tsibiri kusa da shi kawai ake samu. Saboda ƙarancin ruwan sha, yakan sauko har kan jakar mutum yana leƙen bakin gora. Tausayi yakan kama baƙo, amma doka ta hana a ba shi ko ɗigo. Tsuntsun da ya saba da roƙo zai bar hanyoyin da kakanninsa suka rayu da su a wannan busasshen wuri. Dangin wannan tsuntsu ne suka fara jan hankalin Darwin, da ya lura cewa na wannan tsibiri ya bambanta da na wancan.

5.2 Hantsi: Cikin Mazaunin Tsuntsaye

Daga bakin ruwa hanya ta miƙe cikin duwatsu, an kakkafa 'yan sanduna a gefe biyu don nuna iyakarta. Tsawonta bai wuce 'yan kilomitoci ba, amma ana shafe awa biyu zuwa uku a kanta, saboda tuntuɓe da kuma yawan tsayawa.

A nan ake haɗuwa da tsuntsun teku mai shuɗiyar ƙafa. Shuɗin yana da nasaba da sinadaran da yake samu daga kifin da yake ci, don haka ƙafar da ta fi haske alama ce ta ƙoshin lafiya. Idan namiji yana neman mace, sai ya riƙa ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya yana nuna mata, ya ɗaga baki sama ya yi fito. Ba ya saƙa sheƙa, a ƙasa macen take yin ƙwai. Wannan ne ya sa fita daga hanya ko da taku biyu ne yake da haɗari. Idan uwa ta tashi daga kan ƙwai saboda an matsa mata, zafin rana ko wani tsuntsun zai iya lalata shi cikin ɗan lokaci.

Babban abin da ke kawo mutane Esfanyola shi ne albatiros, tsuntsun teku mai farin kai da dogon baki rawaya, wanda faɗin fikafikansa ya haura mita 2. Kusan duk albatiros irin wannan da ke duniya a wannan tsibiri ɗaya suke hayayyafa, in ban da 'yan kaɗan a wani tsibiri kusa da gaɓar Ekwado. Suna isowa wajen watan Afrilu, su tashi a Disamba. Wanda ya zo a Fabrairu ba zai tarar da su ba, suna can kan teku wajen gaɓar Feru da Ekwado. Mace tana yin ƙwai ɗaya tak a kan ƙasa, ita da namijin su yi ta karɓa-karɓar kwanci har kimanin wata biyu. Galibi ma'aurata ba sa rabuwa, kuma suna da wata rawa ta gaisuwa, inda suke karo da baki yana ƙara kamar ana buga sanduna, su rusuna, su yi taku suna rangaji.

A sama albatiros gwani ne, yana iya yin awoyi yana shawagi ba tare da kaɗa fiffike ba. A ƙasa kuwa tashi yana yi masa wuya saboda nauyi da tsawon fikafikai. Shi ya sa yake takawa da ƙyar zuwa bakin wani dogon gangaren dutse da ke kudancin tsibirin, ya buɗe fikafikai ya faɗa cikin iska. A nan jagora yakan zaunar da mutanensa su yi shiru suna kallo. A ƙasan gangaren akwai wata kafa a dutse wadda igiyar ruwa ke shiga da ƙarfi, ruwan ya yi tsiri sama kimanin mita 20 idan teku ya yi fushi.

5.3 Azahar zuwa La'asar: Gaɓar Gardner

Kafin rana ta take ake komawa jirgi. A bakin matakala za a wanke takalma, don kada ƙasa ko irin ciyawar wannan tsibiri ya bi mutum zuwa na gaba. Yayin da ake cin abincin rana, jirgi zai zagaya zuwa Gaɓar Gardner.

Da azahar akan shiga ruwa. Mai iyo yana sa gilashin da ya rufe ido da hanci, da wani ɗan bututu a baki wanda yake numfashi ta cikinsa fuskarsa tana cikin ruwa. Zai ga garken kifaye da kififiya, wani lokaci ma 'ya'yan zakin teku su zo suna zagaya shi cikin wasa. Yawan abincin da ke cikin wannan ruwa yana da dalili. Ruwa mai sanyi yana kwararowa daga kudu ta gaɓar Feru, wani kuma yana tasowa daga ƙarƙashin teku ta yammacin tsibiran, dukkansu ɗauke da sinadaran da ke ciyar da ƙananan halittu, su kuma su ciyar da kifi. Wannan sanyi ne ya sa ake samun tsuntsun fengwin a tsibiran Isabela da Farnandina, alhali danginsa a wurare masu sanyi na kudancin duniya aka san su.

Da la'asar ake sauka a farin rairayin gaɓar, inda zakokin teku suke kwance birjik. Babban namiji yakan riƙe wani yanki na bakin ruwa yana kai da kawowa yana haushi, kuma yana iya cizon wanda ya shiga tsakaninsa da garkensa. Jariran kuwa sukan matso da kansu su shinshina ƙafar baƙo. A nan mutum ne zai ja da baya. Uwa tana gane ɗanta ne ta murya da ƙanshi, shi ya sa jagorori ke tsananta gargaɗi a kan taɓa shi.

5.4 Almuru: Bita

Kafin ƙarfe 6 kowa ya bar tsibirin. Bayan an huta, sai a taru a zauren jirgi. Jagora zai bi abubuwan da aka gani ɗaya bayan ɗaya, ya amsa tambayoyi, sannan ya bayyana tsarin gobe: lokacin tashi, irin saukar da za a yi, da takalmin da ya dace. Da an ci abincin dare sai a ɗaga anga.

6.0 Barazanar da Ke Fuskantar Tsibiran

Abin da ya fi yi wa Galafagos ɓarna shi ne halittun da mutum ya shigo da su. Awakin da matuƙan jiragen ruwa suka saki sun cinye ciyayin Esfanyola, har kunkurayen tsibirin suka ragu zuwa 14, mata 12 da maza 2. An kwashe su zuwa cibiyar kiwo a Santa Kurus, aka ƙara musu da wani namiji mai suna Diyego da aka dawo da shi daga gidan namun daji na San Diyego a Amurka. An gama kawar da awakin a 1978. Waɗannan kunkuraye 15 sun samar da zuriya kimanin 2,000, kuma a watan Yuni na 2020 aka mayar da su tsibirinsu. Kunkurun tsibirin Finta bai yi wannan sa'a ba, domin na ƙarshe a jinsinsa ya mutu a watan Yuni na 2012. Har yanzu ana fama da ɓeraye da kyanwoyi, da wani ƙuda wanda tsutsarsa ke shan jinin 'yan tsakin ƙananan tsuntsaye a cikin sheƙa.

Na biyu shi ne sauyin yanayin teku da ake kira El Nino, lokacin da ruwa ke ɗumama abinci ya yi ƙaranci. A na 1982 zuwa 1983, fiye da kashi 70 cikin 100 na fengwin ɗin tsibiran sun mutu. Albatiros kuma yana halaka a ƙugiyoyin masunta a can inda yake kiwo, har an sa shi cikin jinsunan da ke dab da ƙarewa.

Na uku shi ne zirga-zirgar mutane. A watan Janairu na 2001 jirgin dakon mai mai suna Jessica ya daki ƙasa ya maƙale a bakin San Kiristobal, man ya malala cikin teku. A 2007 UNESCO ta sa tsibiran a jerin wuraren gado da ke cikin haɗari, ta cire su a 2010 bayan Ekwado ta ɗauki matakai. A 2023 baƙin da suka ziyarci Galafagos sun haura 300,000, kuma a wannan shekarar ce murar tsuntsaye ta ɓulla, har aka rufe wasu wuraren ziyara na ɗan lokaci. Kuɗin baƙi ne ke ɗaukar nauyin wani ɓangare na aikin gandun, shi ne kuma abincin yawancin mazauna. Amma kowane jirgin da ya kawo baƙo ko abincin da baƙon zai ci, ƙofa ce da sabon ƙwaro ko cuta za ta iya bi.

7.0 Kammalawa

An ga yadda nisan tsibiran Galafagos ya samar da dabbobin da ba su san tsoron mutum ba, da yadda wannan hali ya zama abin sha'awa kuma abin haɗari gare su. An bi yini guda a Esfanyola, aka ga cewa ƙayyade yawan mutane, da bin hanya ɗaya, da barin tazarar mita 2, da wanke takalma, kowanne yana da dalilin da ya shafi rayuwar wata halitta. Kunkurun Esfanyola ya nuna cewa ana iya gyara ɓarna, amma aikin ya ci fiye da shekara 50. Na Finta kuma ya nuna cewa akwai ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Auna Fahimta

1. Bayyana dalilin da ya sa dabbobi masu jan ciki suka fi yawa a Galafagos.
2. Kawo ƙa'idoji huɗu na ziyarar tsibiran, tare da dalilin kowace.
3. Me ya sa iguwanar ruwa take shan hantsi, kuma me ke sa ta atishawa?
4. Kwatanta makomar kunkurun Esfanyola da ta kunkurun Finta.
5. Zaɓi wata dabba ko tsuntsu da ke kusa da inda kake zaune, ka lura da shi na tsawon awa ɗaya ba tare da ka dame shi ba, sannan ka rubuta bayanin abin da ka gani a shafi ɗaya.